Littafin Zubi

Ranar da aka faɗa a rediyo an rage kuɗin jami'a,
ina tsallake kwatar Aboabo, jakar zubi a hammata.
Na rangaɗa guɗa ni kaɗai,
har mai gasa ayaba ta ɗago kai tana tambaya wa ta haihu.
Na ce Azaratu ce, 'yata ta Tek,
yau an sauke mata rabin kaya.

Shekara goma sha tara ina karɓar adashi a Asawase.
Bokona bai yi nisa ba, amma alƙalamina ya san abu guda:
in wani layi ya yi ƙiba, wani layin ne ya rame.
Kuɗi ba ruwan sama ba ne,
ko ruwan saman ma daga wani kogi ya tashi.

Sai na fara bin sawu.

Bayan wata biyu tikitin rumfa ya ƙaru da sidi biyu.
Yaron hukuma ya miƙa wa Damata mai busasshen kifi,
ta riƙe takardar kai a ƙasa,
ta kwance bakin zane, ta biya.
'Ya'yanta huɗu, babu wanda ya wuce aji shida.
Babban yana Magazin, kwance ƙarƙashin mota,
baƙin mai har gwiwar hannu.
Tun ranar zubinta ya sauka daga sha biyu zuwa goma.
Na rubuta, hannuna ya yi nauyi.

A asibitin unguwa an ce maganin hawan jini sai wani watan.
Gadar da aka auna da igiya bara,
turakunta na nan, awaki na susa da su.
Ban ce ragin nan ne ya cinye su duka ba,
ɓeraye ma na da rabonsu a rumbun gwamnati.
Amma tukunyar ɗaya ce,
kuma na ga inda ludayi ya nutsa.

Ran da na kai mata garin rogo da yaji makaranta,
wani yaro ya tsayar da mota mai baƙin gilashi,
kiɗa na girgiza ƙofofinta.
Ɗan mai gidajen haya ne a Ahodwo, in ji Azaratu.
Shi ma an rage masa,
daidai da nata, ba gaba ba baya.
Wato sidi biyun Damata har da shi a ciki?
Na tsaya da ƙullina a ka,
na rasa ofishin da ake kai irin wannan tambaya.

Kada a ji ni a karkace.
Ba na so a mayar da kuɗin yadda yake.
Da ba don ragin ba, da keken ɗinkina ya tafi,
da 'yan kunnen da uwata ta bar mini sun bi shi,
ƙila duk da haka yarinyar tana bakin titi tana sayar da katin waya.
Na ci, na ƙoshi, na gode.
Sai dai wanda ya ci ya kamata ya san wa ya hura wutar.

Daren Juma'a ta zo gida.
Na buɗe sabon shafi, na rubuta sunanta a sama.
Na ce, kin yi kwasa tun ba ki zuba ko sisi ba,
masu zubin kuma ba su san fuskarki ba.
Ta ce, nawa ake bi na?
Na ce, ban iya wannan lissafin ba.
Amma ran da kika sa farar riga a ɗakin magani,
wata ta shigo da warin kifi a zanenta
da takarda kai a ƙasa,
ki tashi tsaye.

Ta yi dariya: Mma, ke komai adashi ne a wurinki.
Ta ja tabarma ta kwanta.
Na bar layin kuɗin babu komai,
na sa biro a tsakiyar littafin don kada shafin ya ɓace.